Turancin Hamajoɗa da Shanun Gogo

Gashuwa, 9 ga Disamba, 1946

Zuwa ga Yaya Laminu, mai koyar da Turanci a bakin tashar jirgi, Nguru.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da matarka Yakaka da yara. Mu nan lafiya lau muke, mutane da dabbobi. Gogo Asta, ƙanwar babana da ta riƙe ni, ta ce in tuna maka cewa uwarta da kakarka ɗaki ɗaya suka fito. Saboda haka ko da ubanka ya mai da kai Babarbare, rabinka namu ne, ɗaya rabin kuwa bawanmu ne tun asali.

Bayan haka, wata buƙata ce ta kawo ni. An aiko wa Ardo Bobboi cewa sabon Baturen dabbobi zai zagayo cikin watan Fabrairu, ya duba garkuna, ya zaɓi inda za a kafa sansanin allurar shanu na bana. An ce maganin ba zai isa ko'ina ba. Wuri ɗaya za a kai shi, ko nan wajenmu a fadamar Dagona, ko can wajen Dapchi. Baturen ba ya jin Hausa. Tafinta kuma mun gan shi bara: Ardo ya yi magana mai tsawo, har ya sha ruwa a tsakiya, shi kuwa ya mayar wa Bature da ita kalma uku.

Don haka dattawa suka ce bana ni zan yi magana da kaina, tunda na ci shekara shida a makaranta. Ban iya ce musu a'a ba. Amma Yaya, Turancina a ido yake da hannu, bai taɓa saukowa baki ba. Ina karanta takardar gwamnati in gane, ina rubuta amsa. Da zarar na ga jan kunne a gabana sai harshena ya yi nauyi, in tsaya ina haɗa jimla a zuci har mutumin ya gaji ya wuce.

Na ji an ce irinmu kake gyarawa. Ba zan iya barin shanu in zo Nguru ba, sai dai ka koya mini ta takarda. Duk abin da Gogo ta mallaka a duniya yana cikin garken nan, da abin da babana ya bari.

Ka huta lafiya. Ƙaninka,
Hamajoɗa

*

Nguru, 17 ga Disamba, 1946

Zuwa ga Hamajoɗa, bawan gidanmu mai bin wutsiyar saniya.

Wa alaikumus salam. Mun ji daɗin jin lafiyarku, mu ma ƙalau muke. Yakaka tana gaida Gogo. Ka ce mata batun wane ne bawan wane, sai mun haɗu a gaban alƙali.

Ciwonka na san shi, don ɗalibaina goma sha ɗaya duk shi ke damunsu. Akwai masu auna gyaɗa, akwai 'yan tasha, akwai akawun kanti biyu. Kowannensu zai rubuta maka wasiƙa mai kyau, amma Bature ya ce masa ina kwana sai ya kama sosa ƙeya. Laifin ba na ƙwaƙwalwa ba ne. Kuna fassara ne a zuci kafin ku yi magana, shi kuwa mai hira ba ya jira. Maganin abin shi ne baki ya riga kai. Ka yi ta maimaita jimla da ƙarfi, kana tafiya, kana tatsa, kana alwala, har ta riƙa fitowa ba da izininka ba.

Ga yadda nake yi a nan. Bayan la'asar sai in kifa wata tsohuwar hular kwano da na gada wajen maigidana, in hau kujera, in ɗaure fuska, in zama Bature. Su shigo ɗaya bayan ɗaya su gaishe ni. Wanda ya yi in-ina in kore shi ya sake sallama. Kai ma ka nemi abin da za ka kifa wa hula ka riƙa yi masa magana. A rugarku ba za a rasa mai ƙaho da zai saurare ka ba.

Na haɗo maka takardu biyu da Turanci. Ta farko gaisuwa ce. Zai tambaye ka lafiyarka, ka ce lafiya ƙalau, na gode. Ya tambayi gida, haka. Ya tambayi shanu, haka. Ka riƙe wannan da kyau: kada ka tari Bature da kuka a bakin ƙofa. Shekara tara na yi ina masinja wajen wani tsohon Joji, na ga yadda yake tsanar mai fara magana da ƙorafi. Sai an gama gaisuwa, ya zauna, ya cusa taba a lofe, sannan ya ce me ke tafe da kai. A nan ne za ka ɗauko takarda ta biyu, wadda na tsara maka roƙon sansanin allura a cikinta, jimla bakwai, gajeru.

Ta farkon nake so ka fi ba ƙarfi, don wanda ya iya gaisuwa an riga an buɗe masa kunne.

Ubangidanka,
Laminu

*

Gashuwa, 12 ga Janairu, 1947

Yaya Laminu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata sanyin bana bai taɓa ku ba. Mu lafiya, shanu lafiya.

Na sami Baturena. Ɓale ne, baƙin bijimin nan na Gogo da ta raina tun yana ɗan maraƙi. Kullum da hantsi nakan rataya masa malafata a ƙaho, in ja da baya, in yi sallama. Ya fi Baturenka kirki, don bai taɓa korata ba, sai dai ya yi ta tuƙa yana kallona. Matan ruga sun yi dariya har sun gaji. Asabar da ta wuce wata ta je ta gaya wa Gogo wai karatu ya taɓa mini kai. Gogo ta ce a ƙyale ni, ai da ma duk wanda ya sha nonon Barebari ta takarda sai ya yi haka. Yanzu ita ma in na miƙa mata ƙwarya sai ta ce tankiyu.

Gaskiyarka, bakin ya fara riga kai. Shekaranjiya Ardo ya tambaye ni gajiya da Fillanci, kafin in ankara na ce masa beri wel, tankiyu sa. Takarda ta farko ta zauna daram. Ta biyu ina kan jimla ta biyar, wadda take da kalmar nan mai sa harshe tsakanin haƙora. Ka ƙara mini bayanin yadda ake yinta ba tare da mutum ya tofa wa Bature yawu ba.

Garkuna sun taru da yawa a fadama bana, har da na baƙi daga arewa, duk mashaya ɗaya.

Sai kuma 'yan maruƙa biyu da suka ɗan yi hawaye, ba sa son nono sosai. In akwai yadda ake faɗin irin wannan da Turanci, ka rubuto mini in ka sami sarari.

Ƙaninka,
Hamajoɗa

*

Nguru, 21 ga Janairu, 1947

Hamajoɗa,

Muna lafiya, muna gaishe ku. Ka gaida mini da Ɓale, ka ce masa in ya gaji da kiwo akwai kujera a ajina.

Kalmar nan kada ta dame ka. Ka ɗora harshe a bayan haƙoran sama ka hura kaɗan. In ta ƙi, ka faɗe ta yadda ta zo, 'yan tasha ma haka suke yi, kuma jirgi bai fasa tashi ba. Abin da ya fi muhimmanci kada ka tsaya. Mai hira da ya yi kuskure ya wuce ya fi wanda ya tsaya yana neman daidai.

Batun maruƙa, ai a wannan sanyi ko ni hawayen nake yi. Kalmomin ciwo darasi ne mai zaman kansa, sai mun gama da wannan. Kada ka cika wa kanka kaya ana saura 'yan makonni. Ka dai tsare gaisuwarka, ka dube shi a fuska, ka yi murmushi.

Laminu

*

Nguru, 6 ga Fabrairu, 1947

Hamajoɗa,

Ka yafe mini, yau ba gaisuwa. Ka karanta wannan sau biyu.

Jiya na ga Baturen naku a kara, inda ake loda shanu a jirgi. Yaro ne, bai kai talatin ba, kuma ba irin tsohon maigidana ba ne ko kaɗan. Ba ya sauka daga doki. Ba ya zama, ba shi da lofe. Tambaya ɗaya yake yi wa mai garke, ya rubuta amsar a ɗan littafi, ya ja linzami. Na tsaya na ƙirga, mutum tara ya sallama kafin a gama loda wagunu ɗaya. In ya ce yaya shanu, ba gaisuwa yake yi ba. Aikin nasa ke nan, kuma ba zai sake tambaya ba.

Nan da nan na dawo gida na ɗauko wasiƙarka ta Janairu. Baba Gaji, tsohon dillalin shanu da muke maƙwabtaka, yana zaune a ƙofa, sai na karanta masa layin nan na maruƙa. Ya cire goro daga baki ya dube ni. Ya ce, "Malam, kai ɗan Bafillatana ne kuwa? Bafillace in ya rubuta maruƙa biyu sun ɗan yi hawaye, to ashirin ne a kwance. Hawaye da ƙin nono a mashayar da baƙi suka sauka, ai bushiya ce, annobar nan mai share garke. Ba sa kiran sunanta ne kawai."

Na girma a gari, Hamajoɗa. Ka yi mini magana irin ta gida, ni kuwa na karanta ta irin ta kanti.

Ka watsar da takarda ta farko. Da ya tsaya, tun kafin ya buɗe baki, ka ce masa shanunmu suna mutuwa. Na rubuta maka ita a ƙasa da manyan baƙaƙe, kalma huɗu ce da Turanci. Ka kama linzamin dokinsa in ta kama, ka ja shi ya ga marasa lafiyar da idonsa. Kada ka ji kunyar kowa.

Na ba Saleh direba wannan hannu da hannu, motarsa za ta tashi gobe da safe.

Laminu

*

Gashuwa, 19 ga Fabrairu, 1947

Yaya Laminu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu mun gode Allah.

Wasiƙarka ta iso ran Juma'a. Motar Saleh ta karye a Jajimaji, ta kwana shida ana jiran ƙarfe daga Nguru, takardar tana aljihunsa. Bature kuwa tun ran Litinin ya zo, kwana huɗu kafin ta iso.

Bari in gaya maka yadda aka yi, don kai ne malamina, ya kamata ka san yadda ɗalibinka ya yi.

Tun da safe aka share gindin tsamiya, aka shimfiɗa tabarmi, aka aro kujera daga gari. Gogo ta dama fura a sabuwar ƙwarya. Marasa lafiyar, waɗanda a lokacin sun wuce talatin a rugarmu kaɗai, Ardo ya sa aka kora su bayan kwari, don ba a tarar baƙo da abin ƙyama a gaba. Aka jero masu ƙiba a bakin hanya, Ɓale a kan gaba. Niyyarmu in ya zauna ya sha ruwa, na yi roƙona, sai mu kai shi ya gani.

Ya iso da hantsi, shi da tafinta da ɗan doka ɗaya. Na fito gaban dattawa na yi masa barka da safiya. Ya dube ni da mamaki ya amsa. Sannan ya nuna garke da bulala ya ce yaya shanunku.

Yaya, na ji tambayar sarai. Babu kalmar da ta ɓace mini. A cikin kaina ina ganin maruƙan nan a kwance bayan kwari, amma bakin ya riga kai, kamar yadda ka ce zai yi. Na ce suna lafiya ƙalau, na gode, ranka ya daɗe. Ta fito sumul, ko Ɓale bai taɓa jin ta da kyau haka ba. Kuma kada ka ɗauki laifin duka. Ko da Fillanci ya tambaye ni, a gaban Ardo da dattawa, abin da zan fara cewa ke nan. Tun da aka haife ni ban taɓa jin an tambayi mutum shanunsa ya ce wani abu ban da lafiya ba.

Ya yi murmushi. Ya tambaye ni inda na koyi Turanci, na gaya masa. Ya ce ya zaga ƙasar nan duka bai ji mai magana da kyau kamata ba. Na ce na gode. Ya dubi su Ɓale, ya rubuta wani abu, ya ɗaga mini hannu.

Ni ina jira ya sauka. Na ma juya ina nuna masa kujera. Ko da na waigo, sai bayan dokinsa na gani. Jimla bakwai ɗin nan suna nan cike da bakina. Na yi taku biyu, na tsaya. In ruga a guje ina ihu a bayan baƙo, dattawa suna kallo? Ban bi shi ba. Na yi ta gaya wa kaina zagayawa zai yi ya dawo inuwa, har ƙurar dokin ta kwanta.

Abin da ya fi ci mini rai, Ardo ya dafa kafaɗata ya ce na fitar da su kunya, ya ga Bature yana dariya. Sai da yamma na iya gaya musu abin da aka yi. Babu wanda ya zage ni. Da ma sun zage ni.

Furar Gogo ce ta zauna har ta yi tsami, ba wanda ya taɓa.

Hamajoɗa

*

Nguru, 20 ga Maris, 1947

Ƙanena Hamajoɗa,

Wannan ita ce ta uku da na aiko ban ji amsa ba. Ina roƙonka ko layi ɗaya ne.

Na gaya maka a ta farko, na je ofishin Baturen dabbobi tun ranar da na karanta taka. Akawun wurin ɗalibina ne, ya buɗe mini littafin ya nuna mini. An rubuta cewa garkunan Dagona lafiya suke, bisa faɗar wakilinsu, wanda yake jin Turanci sosai. An riga an ɗora maganin a raƙuma zuwa Dapchi. Na rubuta takardar koke, na bi ta da ƙafa sau huɗu. An ce sai Bature ya dawo daga rangadi.

Fatun shanu sun fara isowa tasha daga wajenku, amalanke bayan amalanke. Ba na iya bin ta wannan hanyar yanzu, sai in zagaya ta bayan kasuwa.

Na rataye hular kwanon. Ɗalibaina suna ta tambaya me ya sa. Shekara goma sha biyu ina koya wa mutane yadda za su faranta wa Bature rai, ban taɓa koya wa ko ɗaya yadda zai tsayar da shi ba. Ka tambaye ni kalmomin ciwo, na ce maka sai wani darasi. Wannan yana nan a wuyana, kuma na sani.

Yakaka ta ce in Gogo za ta yarda, ku taho nan, akwai ɗaki.

Yayanka,
Laminu

*

Gashuwa, 28 ga Afrilu, 1947

Yaya,

Wasiƙunka uku sun iso. Ba fushi na yi ba. Hannuna ne bai sami sarari ba, kullum muna jan gawa muna fiɗa.

Ka san ba ma faɗin yawan shanu. Yau zan faɗa maka, tunda ba sauran abin da baki zai kama. Ɗari da goma sha huɗu ne a garken Gogo da na babana. Saura shida. Ɓale ya kai har farkon watan nan. Kwana uku Gogo tana zaune a gabansa tana goge masa ido da gefen zanenta. Fatarsa ban sayar ba, ta ce a shimfiɗa mata a ɗaki. Rugar Ardo ta watse, wasu sun bi dangi Dapchi, inda aka yi allura. Ni na karɓi aikin ɗaukar kifi a bakin kogi wajen wani Babade mai kirki, Modu.

Kokenka ya yi aiki, Baturen ya dawo makon jiya. Wannan karon ya sauka daga doki. Ya tsaya a gindin tsamiyar nan yana duban ƙasusuwa, ya cire hula. Ya sa aka nemo ni. Na faɗa masa kalmomi huɗun da ka rubuto da manyan baƙaƙe, sai dai na gyara su da kaina, don yanzu ba mutuwa suke yi ba, sun riga sun mutu. Ban yi in-ina ba.

Ya saurare ni har na gama. Ba mugu ba ne, Yaya, na ga idonsa. Ya buɗe ɗan littafin nan ya nuna mini layin, ya ce, a hankali don in gane, "Kai ne ka ce mini lafiya suke. Me ya sa?"

Na tsaya. Na duba takarda ta farko a kaina, na duba ta biyu, babu. Tafinta ya ce in faɗa da Hausa shi zai juya. Na buɗe baki, da Hausar ma babu.

Ka sauko da hularka, ka ci gaba da aji. Amma in sabon ɗalibi ya zo, ka fara koya masa yadda ake cewa ba lafiya, ka sa shi ya yi ta maimaitawa har ya daina jin nauyinta. Gaisuwa kowa da ita aka haife shi.

Batun ɗaki mun gode wa Yakaka. Gogo ba za ta taso ba. Har yanzu da asuba takan ɗauki ƙwaryar tatsa ta fita, ta tsaya, ta dawo. Na karanta mata wasiƙarka, na tambaye ta me zan ce maka.

Ta ce in gaida bawanta, in gaya masa muna lafiya, mutane da dabbobi.

Hamajoɗa